Kafinta a Bakin Lifta

Tun ranar da aka kwantar da matarsa a asibitin nan Kafinta ya ƙulla gaba da ginin. Da likitoci ba shi da matsala, nas-nas kuwa har addu'a yake yi musu. Ginin ne dai. Shekara arba'in da wani abu yana kafa ƙofa da taga a gidajen mutane, bai taɓa ganin inda aka tara kuskure wuri guda kamar nan ba, kuma duk wanda tsautsayi ya zaunar kusa da shi sai ya sha wannan karatun, ko yana so ko ba ya so.

Kuma gaskiyarsa ce, tsakani da Allah. Gini biyu ne aka haɗa da wata gada, tsoho da sabo, amma wanda ya zana sabon bai tsaya ya duba tsayin tsohon ba. Sai ka taso daga hawa na biyu, ka tsallaka gadar ba ka taka matakala ko ɗaya ba, ka tarar an rubuta maka hawa na uku. Akwai wata kibiya mai nuna hanyar ɗakin magani, in ka bi ta da zuciya ɗaya bango za ka tarar. Matakalar ma ba ta da amana: goma sha ɗaya daidai suke, ta sha biyun ta ɗara sauran da yatsa biyu, kuma a nan kowane baƙo ke yin tuntuɓe. Kafinta ya gano ta da babban yatsansa ranar farko, washegari ya zo da alli ya ja mata layi.

Matar tasa, wadda yake kira Mutuniyar tun suna da sauran baƙin gashi, santsi ne ya kwashe ta a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka kai ta ɗakin mata a hawa na uku na sabon ginin, aka ɗora ta a wani ƙaton gado mai ƙarafa, aka ɗaure ƙafar da igiya, igiyar ta bi ta kan wata 'yar taya a ƙarshen gadon, aka rataya mata nauyi. Likita ya ce sai an yi aiki, amma ba zai taɓa ta ba sai hawan jininta ya sauka. Jinin nan kuwa ya kafe ya ƙi sauka. Kwana goma sha tara tana kwance rigingine tana kallon silin. 'Yarsu ɗaya tilo tana can wani gari tana jego, don haka duk wata zirga-zirga a wuyan Kafinta take, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma, lokacin da ake barin masu dubiya su hau.

Ɗakin ma abin takaici ne. Tagar tana can sama kusa da silin, kuma abin da take kallo bangon tsohon gini ne, ko tsuntsu ba ya giftawa. Ƙararrawar kiran nas an manna ta a bayan kan mara lafiya, inda sai mai lafiyar ƙugu ne zai iya juyawa ya taɓa. Ƙofar banɗaki in an buɗe ta sai ta doki ƙafar gadon, nauyin nan ya yi lilo, Mutuniyar ta cije leɓe. Kafinta bai iya gani ya ƙyale ba. Ya sassaƙo ɗan katako ya tokare ƙofar, ya samo wata sanda siririya ya ɗaure mata a gefen gado don ta riƙa danna ƙararrawar. Kafin sati ya zagayo duk matan ɗakin sun sami sandunansu.

Yana da wata ɗabi'a da ta bi jikinsa: ba ya iya zama kusa da abu bai auna shi ba. Yana cikin hira hannunsa zai tafi da kansa, babban yatsa da ɗan tsakiya, taƙi bayan taƙi, bakinsa na motsi. Ya auna tagar da ido, ya auna ƙofar, wata rana har ya bi gadon nata tun daga kai zuwa ƙarfen da ke riƙe da nauyin, ya sami taƙi goma da rabi. Ta bi shi da kallo har ya gama, sannan ta ce ya bari ta mutu tukuna kafin ya fara awo. Matan ɗakin suka kwashe da dariya, shi kuwa bai ji daɗin wasan ba ko kaɗan.

A yammacin kwana na sha tara likita ya shigo da fara'a ya ce jinin ya sauka, gobe ƙarfe goma na safe za a shiga da ita. Kafinta ya yi ta godiya. Ita kuwa sai da aka kaɗa ƙararrawar tashin masu dubiya ta kama hannun rigarsa. Matar da ta haihu ba ta yi kuka ba, ta karye ba ta yi kuka ba, yau ga idonta ya kawo ruwa. Ba yankan take tsoro ba, allurar barcin ce. Ta ji an ce wasu ba sa tashi.

“Malam,” ta ce, “kada a shiga da ni ban gan ka ba.”

Ya ce in Allah ya yarda ba za a yi haka ba. Ta ce ba ta ce ya yi mata wa'azi ba, alkawari take so. Ya yi mata.

A bakin ƙofa ya tare nas ɗin da ke kan aiki. Ta ce masa da safe ba a barin namiji ya hau sama, lokacin wankan mata ne, kuma ɗakin tiyata yana ƙasan tsohon gini, ba a yi masa wurin jira ba. Sai dai ya tare ta a hanya. Ya gyaɗa kai ya ce ya gane. To, ka ji inda mutumin ya yi wauta. Kalma biyu ce ta rage, “wace hanyar?”, amma Kafinta ya tambayi yarinya sa'ar 'yarsa hanya a cikin gini? Ai a ransa lissafin a fili yake. Mara lafiya tana hawa na uku, tiyata tana ƙasa, lifta guda ɗaya ce a duk asibitin, kuma a cikinta aka hau da ita ranar da suka zo, yana tsaye a gefenta. Ko wawan da ya zana ginin nan, in ji shi, ba zai sa a sauko da gado ta matakala ba.

Ƙarfe takwas na safe yana tsaye a bakin lifta a hawan ƙasa, cikin rigarsa mai kyau. Ba benci a wajen, sai ya jingina da bango. Lifta ta buɗe ta rufe ba adadi. Ta sauko da keken abinci, ta sauko da tukwanen iskar numfashi, ta sauko da likitoci biyu suna gardama, ta sauko da wani tsoho a keken guragu yana faɗa da ɗansa. Duk buɗewa sai Kafinta ya gyara tsayuwa ya shirya fuskarsa, don ya ƙudura ba za ta ga tsoro a idonsa ba.

Wata mai goge-goge, dattijuwa ce mai ɗan ƙiba, ta zo da bokitinta ta ce Baba ya ɗan ɗaga ƙafa. Ta goge ta wuce. Da ta dawo ta same shi a inda ta bar shi, sai ta tambaye shi ko wani yake jira. Ya ce mata ya san abin da yake yi. Ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta ci gaba da aikinta.

Goma saura kwata. Goma daidai. Ya ce a ransa ai asibiti ba a cika lokaci. Goma da minti goma lifta ta sauko babu kowa a ciki, ta buɗe baki ta tsaya, kamar yadda takan yi wani lokaci in ta ga dama. Kafinta yana kallon cikinta, hankalinsa na wani wuri, sai hannun nan nasa ya tafi da kansa. Ya sa ƙafa ɗaya ciki, ya ɗora babban yatsa a bakin ƙofa ya bi bangon har ƙurya. Taƙi tara.

Ya sake aunawa. Tara ne, ko yatsa ɗaya bai ƙaru ba.

Ranar da suka zo, a kan ɗan siririn gadon ɗaukar marasa lafiya aka hau da ita. Yanzu kuwa tana kan mai taƙi goma da rabi, da igiya da nauyi, kuma likita da bakinsa ya ce ba za a ɗaga ta daga kansa ba sai an yi mata allura. Gadon nan ko ana ha-maza-ha-mata ba zai shiga liftar nan ba. Awa biyu ke nan yana gadin ƙofar da matarsa ba za ta taɓa fitowa ta cikinta ba.

Ya juya yana neman mai goge-goge, ya hango ta can ƙarshen baranda tana matse tsumma. Girman kan duk ya zube. Ya isa gabanta yana haki ya ce, “Baiwar Allah, ki yafe mini. Manyan gadaje ta ina ake sauko da su?”

Ba ta rama ba, Allah ya saka mata. Ta ce tun da aka buɗe ginin nan babban gado bai taɓa shiga lifta ba, ta baya ake zagayawa da su, ta gangaren da ke bayan ɗakin wanki. Ya ce wace kibiya zai bi. Ta ce ya rufa wa kansa asiri ya manta da kibiya, ya dubi ƙasa. Ya duba. Ga wasu layuka baƙaƙe guda biyu a kan siminti, sawun tayoyin kekunan wanki da na gadaje, shekara da shekaru tana gogewa sun ƙi fita. Ta ce ya bi su duk inda suka yi, ko da ya ga kamar ba hanya ba ce.

Tsoho mai shekara saba'in ya tattare riga ya zuba da gudu. Sawun ya bi ta wani lungu mai duhu, ya ratsa bayan kicin inda tururi ya rufe masa ido, ya wuce gaban injin wuta mai ƙarar da ke girgiza haƙori, ya shige wata ƙofa da aka rubuta ba a shiga. Ya shiga. A ransa ba abin da yake maimaitawa sai an riga an wuce da ita, ta waiga hagu ta waiga dama ba ta gan shi ba, an rufe ƙofa. Ya taɓa saɓa mata alkawura, na kabad ɗin kicin ma shekara shida ke nan, amma wannan in ya saɓa bai san ko za a ba shi damar gyarawa ba.

Ya faɗo wani tsakar fili cike da rana, an shanya fararen zannuwan gado layi-layi. Ya ture su da hannu biyu ya fita ta ɗaya gefen, sai ga gangaren.

Daga baya aka liƙa shi a jikin ginin, kallo ɗaya Kafinta ya yi ya gane. Siminti ne tsirara, ba rufi, ya sauko daga hawa na uku da lanƙwasa uku, kuma tsayuwarsa ta yi yawa ƙwarai. Ko buhun siminti aka ce ka sauko da shi a baro ta nan sai ka yi addu'a. Ƙarshensa kuma ba a bar ko taku biyu na fili ba, kai tsaye ya faɗa bakin ƙofar tiyata. Ƙofar tana rufe. Ya tsaya yana kallonta. Sai ya ji wani ya yi gyaran murya daga sama.

Gadon yana can a saman lanƙwasa ta ƙarshe, inda ba a hango shi daga ƙofar. A tsaye yake cak, a tsakiyar gangare.

Maza huɗu ne masu tura gado. Biyu suna ƙasa, sun juya sun tokare ƙarfen da bayansu, sun kafa dugadugai a siminti. Biyu suna sama, sun naɗe zanin gado kamar igiya sun ɗaura a kan gadon, sun nannaɗe a damtse sun kwanta baya. Nas ɗin jiya tana gefe, hannu ɗaya ya ɗaga ledar ƙarin ruwa, ɗayan ya tallafe nauyin nan don kada ya yi lilo ya ja ƙafar. Zufa ta jiƙa rigunansu sharkaf, tana ɗiga daga haɓar na gaba tana yin ɗigo-ɗigo a siminti, wasu ɗigon har sun bushe. Kafinta ya san nauyi, da shi ya ci abinci duk rayuwarsa. Ya san ƙarfen gadon nan da katifa da mutum a kan wannan gangare sun fi ƙarfin a riƙe su minti biyu. Bai taɓa ganin abu irin wannan ba.

Ya hau da kyar yana dafa bango. Babbansu, wani baƙin mutum mai furfura a gemu, yana ɗaya daga cikin na ƙasa. Jijiyoyin wuyansa sun fito ruɗu-ruɗu, amma da ya ga Kafinta sai ya yi murmushi.

“Sannu Baba. Hutawa muka ɗan tsaya yi.”

Kafinta ya dubi gangaren, ya dube su. Wa ke hutawa a nan?

Mutuniyar tana kwance an sa mata rigar tiyata da hula, ta yi ƙanƙanta a cikin gadon. Idonta a ƙanƙance saboda hasken da ta kwana goma sha tara ba ta gani ba, rana ta sauka a fuskarta har yana ganin kowane layi. Ta juyo da kai a hankali. Ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

“Na ce musu kana bakin lifta,” ta ce. “Na ce ba za ka tambaya ba, sai ka auna.”

Nas ce ta ƙarasa masa labarin a gajarce. Da suka fito daga ɗaki suka juya wa lifta baya, Mama ta gane abin da zai faru, ta roƙe su. A sama ba a tsayawa, gadon ya toshe baranda. A ƙasa kuma da taya ta taɓa ƙofa mutanen tiyata za su karɓe ta. Nan ne kaɗai wurin da ba na kowa ba. Sun so su aika a kira shi, amma duk cikinsu ba wanda zai iya cire hannu, sun ƙwala kira kuma injin wuta ya cinye muryar. Ya tambaya tun yaushe. Ta ce ita dai ba ta da hannun duba agogo.

Ya kama hannun matarsa. Duk maganganun da ya kwana yana shiryawa suka gudu. Abin da ya fito kawai shi ne ta yafe masa. Ta ce ta yafe, har da kabad. Ya yi dariya hawaye na zuba a rigarsa mai kyau, bai ma damu ya share ba. Ya yi mata addu'a a kunne, gajera, don yana jin numfashin mutanen nan huɗu.

Mai furfurar ya ce, “Baba, kama nan.”

Ya nuna masa ƙarfen gefe da haɓa. Kafinta ya kama. Mutumin ya fara ƙirga a hankali, da kowace ƙirga na ƙasa su ja ƙafa ɗaya, na sama su saki zani kamar faɗin tafi. A lanƙwasar, inda gadon ba zai juyu ba, ba wanda ya ce wa wani komai: na hagu ya durƙusa, na dama ya ɗaga, ƙafar gadon ta tashi sama ta tsallake kusurwar bango da abin da bai fi kaurin yatsa ba, ta sauka ba ko girgiza. Nauyin da ke hannun nas bai motsa ba. Sau nawa suke yin wannan a rana, shekara nawa, ba wanda ya sani a can gaban asibitin inda ake ta bin kibiya. Kafinta ya ji nauyin ya zauna a kafaɗarsa, kaso ɗaya cikin biyar ma bai kai ba, amma sai da idonsa ya yi duhu.

Taya ta taɓa ƙofa, ƙofa ta buɗe. Wata babbar nas mai takunkumi a fuska ta leƙo ta dubi agogon bango, ta ce tun ɗazu likita yake tambaya. Mai furfurar ya ce gangaren ne, ranki ya daɗe. Ta dubi rigunansu, ta dubi tsohon da ke riƙe da hannun mara lafiya, ta matsa ta ba su hanya.

Aka fara jan gadon ciki. Kafinta ya bi shi taku ɗaya, biyu, har bakin layin da ba a tsallakawa. Ita ce ta fara sakin hannun.

“Na gan ka, Malam,” ta ce. “Je ka zauna.”

Ƙofar ta rufe. Ya waiga don ya yi wa mutanen godiya, ya tarar har sun kai lanƙwasa ta biyu, suna hawa suna yarfe hannuwa, akwai wani gadon yana jiransu a sama. Ya duba hagu da dama, ba benci, ba kujera, ba ko dutse. Ya tattare rigarsa ya zauna a ƙasa, ya jingina bayansa da bangon ɗakin da take ciki.